Gwanai, Tsuntsun da ya Ciyad da Ƙasa

A gefen yamma na Amurka ta Kudu akwai wata ƙasa da ake kira Peru. Babban birninta shi ne Lima, yana bakin Tekun Fasifik. Wanda ya dubi taswira zai ga kamar yadda Kano take arewa da layin nan na tsakiyar duniya da ake ce wa Ikwaita, haka Lima take kudu da shi, nisan duk ɗaya ne. Saboda haka sai mutum ya zaci su ma suna da damina da kaka da rani, ruwan tekunsu kuma da ɗumi kamar na Ikko. Ko kusa ba haka ba ne. Ruwan saman da ke zuba a Kano cikin shekara yakan haura inci 30, na Lima kuwa ba ya cika ko inci guda. Bakin tekun duk hamada ne, rairayi da duwatsu, ba ciyawa ba itace sai inda wani rafi ya gangaro daga duwatsun Andis. Ruwan tekun kuma sanyi gare shi, wanda ya shiga wanka ba ya daɗewa sai ya fito yana rawar ɗari. To, a wannan wuri da ya yi kama da inda rai ba zai zauna ba, nan tsuntsayen ruwa suka taru da yawan da ba safai ake samun irinsa a duniya ba. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne gwanai.

Girman gwanai kamar na agwagwa ne, sai dai ya fi ta tsawo da siranta. Daga baki zuwa wutsiya ƙafa biyu da rabi, nauyinsa kuwa wajen laba 4. Kansa da bayansa da fikafikansa baƙi ne wuluk mai sheƙi, ƙirjinsa da cikinsa fari fat, kamar wanda ya yafa baƙar alkyabba a kan farar riga. Fatar da ta kewaye idonsa ja ce. Bakinsa dogo ne siriri, da 'yar ƙugiya a ƙarshe wadda yake riƙe kifi da ita, gama kifi santsi gare shi. Ƙafafunsa da fata tsakanin yatsu irin na agwagwa, amma can baya suke kusa da wutsiya, shi ya sa in ya tsaya a ƙasa sai ya miƙe kyam kamar mutum, in zai yi tafiya kuma sai ya riƙa rangaji ba kyan gani. Amma ƙafafun nan da suka ba shi kunya a tudu su ne ke fid da shi kunya a ruwa.

Sunan ya yi daidai a kunnen Bahaushe, domin kuwa gwani ne na su, sai dai daga harshen Kecuwa ya fito, watau harshen mutanen ƙasar na asali. A wannan harshe ana kiran taki wanu. Da mutanen Sifen suka zo sai bakinsu ya karkatad da kalmar ta koma gwano, da wannan suna kuwa duniya ta san kashin tsuntsayen teku har yau. Kada mai karatu ya haɗa shi da gwanon nan mai tafiya a jere, ko da yake wajen wari ba wanda zai bar wa wani.

Gwanai ba ya zama a tafki ko kogi ko fadama. Gidansa waɗansu ƙananan tsibirai ne na dutse da ke jere kusa da gaɓa, tun daga arewacin Peru har cikin ƙasar Cile. Waɗanda suka fi shahara su ne tsibiran Cinca, guda uku, wajen mil 13 daga garin Fisko. Ba ruwan sha a kansu, ba inuwa, ba ko tsiro. Abin da ya ja shi can shi ne yanyawa da kare ba su iya ƙetarawa su ci masa ƙwai, ga kuma kifi a bakin ƙofa. Akwai wani hali nasa da ya kamata a riƙe, don labarinsa duka a kansa yake. Gwanai ba ya kwana a kan ruwa. Duk inda ya je kiwo, kafin dare sai ya komo ya sa ƙafarsa a kan dutse. Ke nan tilas abincinsa ya kasance kusa da makwancinsa, gwargwadon tafiyar da zai iya zuwa ya komo cikin yini guda.

Dalilin sanyin ruwan da dalilin yawan kifin duk ɗaya ne. Akwai wani kogi a cikin tekun, ruwa mai gudu a cikin ruwa, yana tahowa daga kudu inda ake sanyi, yana bin gaɓa ya nufi arewa. Turawa suka sa masa sunan Humbolt, wani masani Bajamushe da ya auna sanyinsa a 1802. Bayan wannan kuma iska tana busowa daga kudu kusan kullum, tana kore ruwan da ke bisa tana tura shi can tsakiyar teku, sai na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Manomi ba zai sha wuyar gane amfanin wannan ba. Duk abin da ya mutu a teku, kifi ne ko tsiro, nutsewa yake yi ya ruɓe ya zama taki. A yawancin tekuna takin nan can yake kwance cikin duhu, ba wanda ya amfana da shi. A Peru kuwa iska ce ke yi masa huɗa, tana juyo shi sama inda rana take. Sai waɗansu tsirrai ƙanana ƙwarai, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya ganin ɗaya ɗayansu, su tsiro su cika ruwan har ya koma kore. Ƙananan halittu su ci tsirran, kifi ya ci su duka biyu. Sanyin nan ne kuma ke hana ruwan sama, gama iskar da ta kwanta a kan ruwa mai sanyi ba ta tashi sama ta haɗa hadari, iyakarta hazo da 'yar raɓa.

Kifin da ya fi cin moriyar wannan gona ta ruwa sunansa ancobeta. Ɗan ƙarami ne, inci 5 ko 6, bayansa shuɗi shuɗi, cikinsa kamar azurfa, ga mai a jikinsa. Ba ya wuce shekara uku ko huɗu a duniya, amma haihuwa gare shi ba kama hannun yaro, kuma garke garke yake tafiya, a matse da juna. Gwanai yakan ci waɗansu ƙananan kifaye in ya rasa yadda zai yi, amma ancobeta shi ne tuwonsa, shi ne furarsa. An tabbatad da haka ta wata hanya mai sauƙi. Tsuntsun yakan amayo ɗan curi na ƙaya da ƙasusuwan da cikinsa ya kasa narkarwa, masu bincike su tsince su wanke, su gane irin kifin da girmansa daga waɗansu 'yan ƙasusuwa na kunnen kifi.

Yadda yake neman abincin nan shi ne abin kallo. Gwanai ba ya fita su shi kaɗai, ya yarda sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In hantsi ya fara sai a ga sun soma barin tsibiri, waɗansu na bin waɗansu, ƙasa ƙasa dab da ruwa, har su zama wani baƙin layi mai tsawo wanda ba a ganin farkonsa ba a ganin ƙarshensa. Wani masanin tsuntsaye na Amurka mai suna Robat Marfi, wanda ya zaga tsibiran a 1919 da 1920, ya ba da labarin layi guda da yakan yi sa'a huɗu ko biyar yana wucewa bai yanke ba. Da na gaba sun hango garken kifi sai su sauka su nutse, na baya su tsallake su su sauka a gabansu, na bayan waɗannan kuma su tsallake, rundunar duka ta riƙa mirginawa a kan garken tana cinsa. A ƙarƙashin ruwa fikafikansa a naɗe suke, da ƙafafu yake tunkuɗa kansa, wuya a miƙe, yana korar kifi kamar yadda kare ke korar zomo. Nutson ƙafa 100 ba kome ba ne a wurinsa, an ma taɓa auna wanda ya haura ƙafa 200.

To, teku faɗi gare shi, kifi kuma ba ya kwana inda ya yini. Yaya tsuntsun da ya tashi daga tsibiri da azahar zai san inda 'yan'uwansa suka sami abinci da safe? Waɗansu masana na Faransa da Peru sun bi wannan tambaya a wani tsibiri kusa da Lima, suka ɗaura wa tsuntsaye 'yan na'urori masu nuna inda suka bi, suka bayyana abin da suka gani a 2010. Ashe gwanai ba ya wucewa kai tsaye. Sai ya fara sauka cikin wani taro na 'yan'uwansa da ke zaune a kan ruwa kusa da tsibirin. Taron nan ba wuri ɗaya yake tsayawa ba, juyawa yake yi kewaye da tsibirin, kullum yana fuskar da layin masu komowa ya fi kauri. Wanda zai fita ya zauna cikinsu kaɗan, ya ga nahiyar, sa'an nan ya tashi ya bi ta. Kamar dai fatake ne a bakin zango, mai fita ba ya ɗaura kaya sai ya ga ta ƙofar da masu riba ke shigowa.

Yana da abokan zama biyu a tsibiran, su ma ancobeta suke ci, amma kowa da hanyarsa. Ɗaya kwasakwasa ne, babba, wanda iyakar kamunsa inda wuyansa da jakar bakinsa suka kai. Ɗayan ana kiransa fikero, shi daga sama yake sako kansa kamar mashi, ya huda ruwa 'yan ƙafafu kaɗan ya fito. Gwanai ne mai zuwa can ƙasa. Daga ƙarƙashi kuma manyan kifaye da wata dabbar ruwa da ake kira zakin teku suna koro garken sama. Kifin dai ba shi da masoyi ko ta ina.

Abin da gwanai guda ke ci a yini ya kai laba ɗaya. Wannan ba shi da yawa sai an buga lissafi. A tsakiyar shekarun 1950 tsuntsayen nan iri uku sun haura miliyan 20, mafi yawansu kuwa gwanai ne. Laba miliyan 20 a yini, in an mai da shi tan aka riɓa da kwanakin shekara, ya haura tan miliyan 3 na kifi.

Wajen sheƙa ma a cunkushe suke. Sukan zaɓi fili ko gangare inda iska ke kaɗawa, domin rana a kan dutsen nan ba ta da sauƙi, su jera sheƙa wajen uku a cikin yadi ɗaya tsawo da faɗi, kowa na iya kai wa maƙwabcinsa sara daga inda yake zaune. Tun da ba kara ba ciyawa, da kashinsu da gashinsu suke gini, ya fito kamar ɗan akushi. Mace takan saka ƙwai biyu ko uku, ita da namijin su riƙa karɓeɓeniyar kwanci har wajen mako huɗu. Ɗan tsako yana fitowa tsirara, baƙi, ba gashi. In uwa ko uba ya komo daga kiwo sai ɗan ya cusa kansa har wuya cikin maƙogwaronsa ya ciro kifi. Wajen wata biyu ake yi ana wannan hidima kafin ya iya tashi. Cikin wannan lokaci maƙiya ba su rasuwa. Akwai tsuntsaye ɓarayin ƙwai, da wani ƙaton angulu na duwatsun Andis da ake kira kwandor, da kuma kaska wadda takan yi yawa har tsuntsu ya gudu ya bar sheƙarsa. Abokin taimakonsa a kan kaska ƙadangare ne.

Da a ƙasar da ake damina ne, da ruwan shekara guda ya wanke kashin nan ya mai da shi teku. A nan kuwa inda ya faɗi nan yake bushewa, na bana a kan na bara, shekara dubbai, har a tsibiran Cinca tudunsa ya kai ƙafa 150 a waɗansu wurare. Da yake ruwa bai taɓa shi ba, ƙarfinsa yana nan, musamman sinadarin nan naitarojin mai sa ganye ya yi kore shar. Ya fi kashin shanu ƙarfi har sau ashirin ko talatin. Mutanen ƙasar sun san haka tun kafin Turawa su san akwai Amurka. Wani marubuci mai suna Garsilaso, wanda uwarsa jinin sarakunan Inka ce ubansa kuwa mutumin Sifen, ya faɗa cikin littafinsa na 1609 cewa sarakunan Inka sun raba tsibiran, kowane lardi da nasa, kuma duk wanda ya kashe tsuntsun, ko ya taka tsibiri lokacin ƙwai, hukuncinsa kisa. Doka ce mai tsanani, amma masu ita sun gane cewa mai son nono shi ke tsare saniya.

Humbolt ɗin nan da aka ambata shi ya tafi da ɗan samfurin takin Turai, masana suka auna suka ga abin da ke ciki. Wajen 1840 aka fara lodinsa zuwa Ingila, inda gonaki suka gaji manoma na neman abin da zai farfaɗo da su. Kafin a ce haka jirage sun yi dafifi kewaye da Cinca, kowane na jiran layinsa wata da watanni. Cikin shekara 40 aka kwashe fiye da tan miliyan 10. An yi shekarun da fiye da rabin kuɗin da ke shiga baitulmalin Peru daga kashin tsuntsu yake fitowa. Da ƙarfin kuɗin nan shugaban ƙasar, Ramon Kastiya, ya soke harajin da ake karɓa daga mutanen ƙasar na asali a 1854, ya 'yanta bayi ya biya iyayengijinsu. Amurka ta yi doka a 1856 cewa ɗan ƙasarta da ya sami tsibiri mai irin wannan taki wanda ba na kowa ba, yana iya kama shi da sunanta. A 1864 jiragen yaƙin Sifen suka zo suka kame Cinca, aka yi ta rikici har 1866. Kai, ba a taɓa jin kashin da ya ta da hankalin manyan ƙasashe kamar wannan ba.

Amma aikin haƙarsa azaba ne. Ƙurarsa tana ƙona ido da huhu, ba mai zuwa da son ransa, sai fursunoni da waɗanda aka yaudara. Tsakanin 1849 da 1874 an kawo Sinawa kusan 100,000 Peru da sunan ƙwadago, alhali kuwa bauta ce aka sake wa suna. Yawancinsu gonakin rake da auduga aka kai su, waɗanda rabonsu ya faɗa a tsibiran su suka fi shan wuya, har waɗansu suka riƙa faɗawa teku daga kan dutse don su huta. Tsuntsun kuwa ba wanda ya tuna da shi. Aka kore shi daga sheƙarsa, aka ci ƙwansa. Da aka kai ga dutse a Cinca, farkon shekarun 1870, sai ya zamana gwamnati ta riga ta ci bashi a kan takin da ba ya nan. A 1876 ta kasa biya.

Sai da aka yi wannan asara sa'an nan aka koma ga hikimar sarakunan Inka. Gwamnati ta ɗauko wani masani daga Amurka, Robat Koka, ya yi bincike daga 1906 zuwa 1908, a 1909 kuma aka kafa kamfani guda aka danƙa masa tsibiran. Aka sa masu gadi a kowane tsibiri, aka hana kowa sauka lokacin ƙwai, aka tsara kwasar taki bi da bi, in an kwashi wannan bana sai a bar shi ya huta. Daga baya ma, inda wani hancin ƙasa ya kutsa cikin teku, sai a gina katanga a datse shi daga tudu, yanyawa ta rasa hanya, tsuntsaye su sami sabon tsibiri. Abin ya yi kyau ƙwarai. Tsuntsayen da ba su fi miliyan kaɗan ba suka hayayyafa har suka kai yawan nan na shekarun 1950, takin da ake samu a shekara ya haura tan 300,000, manoman auduga da rake na ƙasar suka wadata da shi. Marfi ya ce a ganinsa babu tsuntsun daji a duniya da ya kai gwanai kawo kuɗi.

Sai dai tekun nan yana da fari irin nasa. Bayan 'yan shekaru, wani lokaci uku wani lokaci bakwai, sai iskar ta yi rauni, ruwan ɗumi ya kwararo daga wajen Ikwaita ya shimfiɗu a kan mai sanyi kamar bargo. Masuntan arewacin ƙasar suka sa masa suna El Ninyo, watau Jariri, don yakan zo wajen Kirsimeti, lokacin da Kirista ke bikin haihuwar Annabi Isa. In ya zo da ƙarfi sai al'amura su juya. Ruwan sama ya zuba a hamada har ya rushe gidaje, a teku kuwa taki ya daina tasowa, tsirrai su ƙare, ancobeta ya nutse can ƙasa inda sauran sanyi yake, ko ya yi kudu nesa. Gwanai ya fita da safe ya komo da yamma ciki wayam. Kwana kaɗan sai iyaye su tashi gaba ɗaya su bar ƙwai da 'ya'ya a sheƙa, su watsu kudu da arewa, waɗansu har Kolambiya da Fanama, gawawwakinsu su cika gaɓa. An ga haka a 1925, da 1941, da 1957. Amma kowane karo, da ruwa ya koma sanyi kifi ya komo, waɗanda suka tsira sukan tarad da abinci ya fi ƙarfinsu, su yi ta haihuwa, cikin 'yan shekaru tsibiran su sake yin baƙi da tsuntsaye. Yunwa ce irin wadda ke barin iri a rumbu.

Abin da ya sake labarin shi ne garin kifi. A Turai da Amurka masu kiwon kaji da aladu suna neman abin da zai sa dabba ta yi saurin girma, aka ga ba kamar kifi in an dafa shi an matse mansa an busar an niƙa. Wajen 1950 aka fara kafa injunan wannan aiki a bakin tekun Peru. Da tarun nailan ya shigo, mai sauƙi wanda ba ya ruɓewa, sai harkar ta bunƙasa, ƙauyen masunta irin su Cimbote ya zama birni mai hayaƙi da ƙarni. Kamfanin takin ya yi ta kuka cewa ana ɗauke wa tsuntsaye abinci. Masu jirage suka amsa da lissafi. Suka ce sai tsuntsu ya ci kifi tan 10 ko fiye kafin a kwashi taki tan ɗaya, injin kuwa da tan 5 yake ba da gari tan ɗaya, ga shi garin ya fi takin tsada, ga kuma takin zamani da Jamusawa suka gano yadda ake yinsa daga iska ya cika kasuwa. Waɗansu ma suka fito fili suka ce tsuntsun ɓarawon kifi ne.

A takarda lissafin daidai ne, amma an bar wani abu a waje. Tsuntsu ba ya cin abin da ya fi cikinsa, in kifi ya yi ƙaranci kuma shi ke fara mutuwa, kifin ya sami sarari ya farfaɗo. Jirgi ba ya ƙoshi, ba ya kuma mutuwa da yunwa, ga bashin banki a wuyan mai shi, ga na'urar da ke nuna masa garke a inda idon tsuntsu ba ya kaiwa. Farkon shekarun 1960 Peru ta wuce kowace ƙasa a duniya yawan kamun kifi. Da El Ninyo ya zo a 1965, tsuntsayen suka faɗo daga wajen miliyan 16 zuwa wajen miliyan 4, wannan karon kuwa ba su koma yadda suke ba, domin rarar da suka saba tararwa bayan yunwa taru ya riga su. Ba wanda ya damu ƙwarai, tun da kamu sai ƙaruwa yake, har a 1970 aka kama ancobeta tan miliyan 12. A 1972 ruwan ɗumi ya sake zuwa. Sauran kifin ya taru ya matsu cikin 'yan wuraren da ke da sanyi kusa da gaɓa, jirage suka same shi a tare suka yi ta ɗiba, suna murna kasuwa ta yi kyau. Shekarar da ta biyo kamun bai kai tan miliyan 2 ba. Injuna suka tsaya, dubban mutane suka rasa aiki, gwamnati ta karɓe harkar duka a 1973. Tsuntsayen suka koma wajen miliyan 2. Yunwar da ta kashe gwanai a 1965 ita ce ta iso gidan masunci bayan shekara bakwai, da an karanta wasiƙar da ta aiko da an rage asara.

Kifin ya daɗe bai farfaɗo ba, sai wajen shekarun 1990. Tun daga nan an ƙara tsari. Akwai ma'aikatar binciken teku da ke fita ta auna yawansa kafin a buɗe kamu, a yanka iyakar abin da za a kama, a rufe lokacin da yake ƙwai, tun 2008 kuma kowane jirgi da rabonsa. A 2023, da ruwa ya yi ɗumi aka ga yawancin kifin ƙanana ne, gwamnati ta soke kamun farko na shekarar ɗungum. Tsibirai 22 da hancin ƙasa 11 kuma an mai da su wurin da doka ta tsare tun 2009. Duk da haka gwanai bai koma ko kusa da yawansa na da ba. El Ninyo ya sake bugunsa a 1982 da 1997, taru yakan kama shi ya nutsad da shi, waɗansu mutane suna kashe shi a ɓoye su sayad da naman, murar tsuntsaye da ta iso ƙasar ƙarshen 2022 kuma ta kashe tsuntsayen teku fiye da 100,000.

Har yanzu ana kwasar taki, a ƙarƙashin Ma'aikatar Gona, amma abin da ake samu a shekara bai kai kashi ɗaya cikin goma na zamanin da tsuntsun yake da yawa ba. Ba a kai injin tsibiri, don kada ƙara ta firgita masu gida. Leburori ne ke zuwa, yawancinsu daga ƙauyukan kan duwatsun Andis, da diga da shebur da tsintsiya, su kankare su tankaɗe su ɗura a buhu su ɗauka a kafaɗa, a sayar wa ƙananan manoma da araha. In sun gama su tafi, tsibirin ya yi shekaru ba a sake taɓa shi ba. Sai mai gadi kaɗai ke saura, shi da abokin aikinsa, ana kawo musu ruwa da abinci a jirgi. Aikinsa korar ɓarayin tsuntsu da jiragen da suka matso kusa. Kowane wata kuma sai ya hau inda ya fi tudu da taswirar tsibirin a hannunsa, tun da tsuntsayen ba su ƙirguwa ɗaya ɗaya, ya zana iyakar filin da suka rufe, ya rubuta kwanan wata, ya aika Lima.